Mu tara za mu hau Chappal Waddi da kaya a baya, me za mu tanada?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mu tara ne, abokai tun daga makaranta, dukanmu a Kano muke. Mun yanke shawarar yin hutun bana a tsaunin Mambila, mu hau Chappal Waddi da ƙafa, kowa da jakarsa a baya, muna kwana a daji. Mun sa watan Agusta, kwana huɗu zuwa da dawowa. A cikinmu babu wanda ya taɓa hawan abin da ya wuce Dala da Goron Dutse. Ɗayanmu yana da ƙiba sosai, wani kuma yana fama da asma. Me ya kamata mu tanada?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Wallahi na ji daɗin wannan niyya taku, domin ba kasafai matasanmu suke tunanin taka ƙasarsu da ƙafa su gan ta da idonsu ba. Amma kafin mu zo kan abin da za ku zuba a jaka, akwai abu biyu a shirin nan da nake so ku canza tun yau: watan da kuka sa, da yawan kwanakin.

Agusta tsakiyar damina ce, kuma daminar Mambila ba irin wadda kuka saba da ita a Kano ba ce. Can ruwa yana sauka tun wajen Afrilu, ba ya ɗaukewa sai Oktoba ko Nuwamba. Hanyoyin ƙauyuka jar ƙasa ce, in ta sha ruwa sai ta koma sulɓi, babur ma sai an sauka an tura. Rafin da ka tsallaka da safe ruwa iya idon sawu, da la'asar kana iya tarar da shi iya ƙugu, saboda ruwan da aka yi a can sama wanda kai ba ka ma gani ba. Ga hazo mai rufe hanya cikin 'yan mintoci, ga tsawa, alhali saman tsaunin fili ne fetal na ciyawa, babu abin da ya fi mutum tsawo. Ku ɗaga tafiyar zuwa tsakanin Disamba da Fabrairu. Ni na fi son farkon Disamba: ƙasa ta bushe, ciyawa ba ta gama ƙonewa ba, ƙurar hunturu kuma ba ta yi kaurin da za ta hana ku hangen nesa ba.

Kwana huɗu kuwa a mota kaɗai za su ƙare. Daga Kano zuwa Jalingo wuni guda ne cur. Daga Jalingo ku bi ta Bali zuwa Serti, ku wuce Mayo Selbe, ku hau hawan nan mai lanƙwasa da ake kira Hawa Biyu da Sisi, ku ɓullo Maisamari sannan Nguroje, wannan ma wani wunin ne. Dawowa haka. Ku ware kwana tara ko goma, a ciki har da kwana ɗaya da ba ku sa masa komai ba, domin lalacewar mota ko ranar da jikin wani ya ƙi.

Chappal Waddi, wanda wasu suke kira Gangirwal, shi ne wuri mafi tsawo a Najeriya, mita 2,419 daga saman teku, a kan iyakarmu da Kamaru. Yana cikin gandun dajin Gashaka-Gumti, wanda aka kafa a 1991 bayan an haɗe gandun Gashaka da na Gumti, kuma shi ne mafi girma a ƙasar nan, ya haura murabba'in kilomita 6,000 tsakanin jihohin Taraba da Adamawa. Abin da wannan yake nufi gare ku shi ne ba dutsen da za ku je ku hau kai tsaye ba ne. Sai da izinin hukumar gandun, wadda hedkwatarta take Serti, kuma su ne za su haɗa ku da ma'aikacin da zai raka ku. Ku tuntuɓe su tun makonni kafin ku tashi, ku tambayi kuɗin shiga na yanzu, ku kuma tambaye su halin tsaro ba tare da jin nauyi ba. Yankin ya sha ganin rikicin filaye tsakanin manoma da makiyaya, na 2017 ya yi muni ƙwarai, kuma dajin yana fama da mafarauta da masu saran madobiya. In suka ce wannan makon ba a shiga, to ba a shiga. Kowa ya riƙe katin shaidarsa, tunda bakin iyaka za ku.

Hanya iri biyu ce. Akwai doguwa, wadda ake tasowa daga ƙasa, daga ƙauyen Gashaka, a ratsa kurmi a yi ta hawa kwana da kwanaki. Tana da kyau matuƙa, ta wajen nan ne tashar bincike ta Kwano take, inda masana suka daɗe suna nazarin birai, har da cimfanzi irin wanda ba a samu sai a Najeriya da Kamaru. Amma ba taku ba ce a karon farko. Ku bi ta sama: daga Nguroje ku hau babur zuwa Njawai, daga can ku kama ƙafa. Kun ga kun fara daga tudun da ya riga ya kai wajen mita 1,600, abin da ya rage muku na hawa bai kai rabin na waccan hanyar ba.

Yanzu ga maganar da na fi so ka riƙe, ka kuma karanta wa sauran. A cikin tambayarka ka ambaci mai ƙiba da mai asma a ƙarshe, kamar ƙarin bayani. A wurina su ne farkon lissafi. Tafiyar mutum tara a tsauni da ƙafar wanda ya fi kowa rauni ake auna ta. Nisan da za ku ci a wuni, inda za ku yada zango, lokacin da za ku juyo, duk a kansa za a tsara. Na sha raka ayari irin naku, kuma kusan duk matsalar da na gani daga wuri ɗaya take farawa: masu ƙarfi uku ko huɗu sun yi gaba, na baya sun gaji suna jin kunyar cewa a jira su. Na gaban su zauna a kan dutse su huta, da zarar na bayan sun iso suna haki sai su miƙe su ce mu je. Ka ga mai ƙarfi ya huta minti ashirin, mai rauni bai huta ko ɗaya ba. Kafin azahar ya ƙare, ƙafarsa ta fara rawa, a nan ne ake gurɗewa.

Maganin wannan tsohon abu ne a wurinmu. A zamanin da, fataken da suke zuwa Gwanja sayen goro ba su tafiya kara zube, akwai jagaba mai shigewa gaba, akwai madugu uban tafiya wanda maganarsa ce ta ƙarshe. Kuma hadisi ya zo a cikin Abu Dawuda cewa idan mutum uku suka fita tafiya su shugabantar da ɗayansu. Ku zaɓi shugaba tun kuna Kano, mai sanyin rai wanda ake jin maganarsa, ko da ba shi ne ya fi ƙarfi ba. A kan hanya ɗan jagora yana gaba, babu mai wuce shi. Mai raunin nan yana biye da shi, na biyu a layi. Mutum mafi ƙarfi a cikinku shi ne na ƙarshe, da akwatin magani a jakarsa, kuma babu wanda zai koma bayansa, ko da fitsari mutum zai tsaya sai ya jira shi. Hutu yana farawa ne daga lokacin da na ƙarshe ya iso ya sauke jakarsa. Duk inda hanya ta rabu biyu a tsaya a ƙirga kawuna.

Wannan ƙirgar kada ku raina ta. Saman Mambila tuddai ne masu kama da juna, kuma shanu sun yi turba ko'ina, kowace ka gani sai ka ce ita ce hanya. Na taɓa tsayawa a kan wani tudu hantsi ya yi, rana tas, muna hangen ruga da shanunta a ƙetaren kwari. Sai ga farin hazo yana tasowa daga ƙasa. Kafin na ɗaura igiyar takalmina na ɗago, mutumin da yake taku ashirin a gabana ya ɓace mini, sai muryarsa kawai, ita ma ba ka iya cewa daga dama take ko daga hagu. Da yake muna haɗe, sai muka zauna wuri ɗaya har ya yaye. Wanda irin wannan ta same shi shi kaɗai, ya tsaya inda yake, kada ya ce zai nemo hanya. Kowa ya rataya usur a wuya, busa uku a jere alama ce ta neman taimako.

Don ku iya lissafin wuni, akwai ƙa'idar da wani mai hawan tsauni ɗan Sikotilan, William Naismith, ya fitar tun 1892, har yau ana aiki da ita: awa ɗaya ga kowane kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowane hawan mita 600. Idan wunin yana da kilomita 12 da hawan mita 900, ya kama wajen awa huɗu ke nan. Amma wannan na mutum ne mai ƙarfi wanda ya saba, ba hutu a ciki. Ku da kuke da kaya kuma ba ku saba ba, ku ƙara rabin wannan a kai, ku ce awa shida, sannan ku sa lokacin salla da cin abinci. Rana tana faɗuwa wajen ƙarfe shida, duhu kuma ba ya jira. Ku tashi bayan asuba, ku isa zango kafin la'asar sakaliya. Ranar hawa ƙololuwa ku tsayar da lokacin juyowa tun daren jiya, misali ƙarfe ɗaya na rana. In lokacin ya yi, ko kuna ganin saman da idonku, ku juyo. Saukowa ta fi hawa cin gwiwa, kuma a lokacin ne mutum ya riga ya gaji, hankalinsa ya koma kan abinci.

Sai sanyi. Duk hawan mita 1,000, zafi yana raguwa da kusan digiri 6.5. Kano ba ta kai mita 500 ba, don haka saman Chappal Waddi ya fi Kano sanyi da wajen digiri 12 ko 13, tun kafin a sa iska a lissafi. Ka tuna asubar hunturu a Kano, ka cire wannan daga ciki. Abin da yake kayar da mutum shi ne sanyi a kan jiƙaƙƙen jiki. Kana hawa kana gumi, rigar auduga ta sha ruwa, ka tsaya iska ta buge ka. Saboda haka rigar da take manne da fata ta zama irin ta 'yan ƙwallo mai saurin bushewa, a sama suwaita, a sama kuma rigar ruwa mai tare iska. Ana cirewa ana mayarwa gwargwadon hali. Wandon jins ku bar shi a gida, yana da nauyi kuma in ya jiƙe ba ya bushewa. Kowa ya ƙulle kaya kala ɗaya busassu a leda, da safa da hular sanyi, waɗanda ba a taɓa su sai za a kwanta. Kuma kada wanda ya kwanta a ƙasa ba shimfiɗa, domin ƙasa ta fi iska zuƙe ɗumin jiki. Katifar soso siririya ta isa. Da safe za ku ga tanti ya jiƙe sharkaf da raɓa kamar an yi ruwa, ku karkaɗe shi ku shanya lokacin hutun rana. Idan kuka ga wani yana karkarwa ba ƙaƙƙautawa, maganarsa ta fara sarƙewa, yana tuntuɓe, ku tsaya nan take, a cire masa jiƙaƙƙun kaya, a lulluɓe shi, a ba shi shayi mai zafi da sukari in yana iya sha da kansa.

Ciwon rashin iska na manyan tsaunuka galibi daga mita 2,500 yake farawa, don haka a nan ba shi ne babban abin tsoro ba, ko da yake za ku ji numfashi yana yi muku wuya fiye da yadda kuka saba. Mai asma dai dole ya ga likitansa kafin tafiya, ya gaya masa tsawon wurin da irin sanyinsa, domin busasshiyar iska mai sanyi da hayaƙin ƙunar daji duk suna tayar da ita. Ya zo da abin shaƙarsa guda biyu, ɗaya a aljihunsa, ɗaya a jakar wani, kuma kowa ya san inda suke. In likita ya ce kada ya hau, sai ya tsaya a Nguroje ko Gembu, ba a rasa abin gani ba: ga gonakin shayi na Kakara, ga kurmin Ngel Nyaki kusa da Yelwa.

Nauyin jaka kada ya wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin mai ita. Mai kilo 65 ya tsaya a kilo 13, da ruwansa a ciki, kuma lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Mai ƙiba ba da nauyinsa za a yi masa wannan lissafi ba, shi a rage masa ma, gwiwarsa ta riga tana ɗauke da kaya. Ku nemi jaka mai ɗamara a ƙugu, domin ƙugu ne ya kamata ya ɗauki nauyin, kafaɗa ta riƙe kawai. Abu mai nauyi a sa shi kusa da gadon baya. Tukunya, risho, tanti da magani na kowa ne, a raba, ba sai kowa ya ɗauko nasa ba. Takalmi kuwa, sawu-ciki mai ƙasa mai kaushi, a saye shi yanzu a yi ta yawo da shi har ya saba da ƙafa. Sabon takalmi a ranar farko yana iya hana mutum tafiyar gaba ɗaya. Da ka ji wani wuri a ƙafarka ya fara zafi, tsaya ka manna filasta tun bai tashi ba. Kowa ya yanke farcen ƙafa kafin a tashi, in ba haka ba a gangara za ku ji a jikinku. Sanda kuma kowa ya samu.

Guzuri ba sai kun nemi na kanti mai tsada ba, namu na gida ya fi dacewa da wannan aiki: kilishi, dambun nama, ƙuli-ƙuli, garin kwaki da sukari da madarar gari, dabino, soyayyar gyaɗa, dakuwa. Da dare taliya ko shinkafa da mai da yaji, abin da zai dahu da wuri. Ku riƙa ɗan taɓa wani abu duk awa, kada ku jira yunwa. Ruwa akwai shi a ƙoramu, mai sanyi garau, amma shanu suna sha a sama da ku. Ku tafasa ko ku sa ƙwayar tace ruwa. A can sama ruwa yana tafasa tun bai kai zafin da yake kaiwa a ƙasa ba, wajen digiri 92 a ƙololuwa, don haka daga mita 2,000 ku bar shi yana tafasa minti uku. Ku riƙe ruwan gishiri da sukari na ƙulli. In ya ƙare, ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya.

Ku ɗauki 'yan dako daga ƙauyen da za ku tashi, kada girman kai ya hana ku. Sun san inda ruwa yake, sun san turbar da take ɓullewa da wadda take ƙarewa a bakin kwazazzabo, kuma kuɗin da kuka ba su yana shiga gidajen da suka fi kowa kusa da tsaunin. Amma ku yi musu adalci, wannan abin yana ci mini rai ƙwarai. Na ga baƙi sun shige tanti da bargo, sun bar wanda ya ɗauko musu tantin yana kwana a bakin wuta da riga ɗaya da silifas. A yi ciniki a gama tun kafin a ɗaga kaya, a gaban jauro ko ma'aikacin gandu. Abincinsu da abin rufarsu a kanku yake. A tsaunin Kilimanjaro na Tanzaniya doka ta hana a ɗora wa ɗan dako fiye da kilo 20, ku ma ku riƙe wannan iyaka. Duk ƙauyen da kuka shiga ku fara da gaishe da jauro, duk rugar da za ku ratsa ku yi sallama daga nesa ku jira a amsa. Hausa za ta kai ku kusan ko'ina, ko da yake Fulatanci ya fi yawa a can sama. In an kawo muku kindirmo ku karɓa da hannu biyu, ku kuma san yadda za ku saka. Kada a ɗaga waya a kan matan mutane ko shanunsu sai an nemi izini.

Salla ba za ta ba ku wahala ba, nisan ya wuce na kasaru nesa ba kusa ba, kuma in sanyi ya kai inda ruwa zai cutar ko babu shi, ga taimama. Ku tambayi malaminku hukuncin haɗa salloli kafin ku tashi, don kada a tsaya gardama a kan tudu. Bayan gida a yi nesa da ƙorama, kamar taku saba'in, a tona rami a rufe. Leda da gwangwani duk a dawo da su gari. Wuta kuma a rani abin tsoro ce, busasshiyar ciyawa da iska ba su da wasa. A share wuri kafin a hura, a kashe da ruwa kafin a kwanta.

Maciji akwai, musamman a ƙasa-ƙasa wajen Serti da Gashaka, inda sauro da tsando su ma suke. A zazzage takalmi kafin a sa da safe, kada a fita da dare ba tocila. In tsautsayi ya faɗa, ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure wurin tamau. A cire zobe ko agogo, a hana gaɓar motsi da karan itace kamar yadda ake yi wa karaya, a ɗauki mutum a nufi asibiti. Abin da ya sa nake son ku da yawa ke nan: mutum ɗaya ya kwanta, sai huɗu sun ɗauke shi, wasu huɗun suna karɓarsu.

Daga yau zuwa Disamba kuna da lokaci. Sau uku a mako ku goya jakar da kilo goma a ciki ku hau Goron Dutse ku sauko, ku maimaita, dukanku tare, har da mai ƙibar, domin ku san saurinsa tun a gida. In da hali ku yi gwajin kwana ɗaya a duwatsun Shere na Jos, waɗanda suka kai wajen mita 1,800, ku kafa tantin ku dafa abinci a kan rishon, ku ga abin da kuka manta. Ku naɗa ma'aji ku tara kuɗin wuri ɗaya, a riƙe tsaba da canji, domin bayan Nguroje kada ku sa ran cirar kuɗi ko samun sabis yadda kuka saba. Sanyi yana shanye batir, waya ta kwana a cikin bargo. Kafin ku bar Kano ku rubuta a takarda sunayenku, da hanyar da za ku bi, da ranar da za ku fito daga daji, da lambar ofishin gandun na Serti, ku ba wani babba a gida, ku gaya masa in ranar ta wuce da kwana ɗaya bai ji ku ba ya kira su. Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya.